Hanyar da Ta Koma Gona

Ubana ya bar mini littafi mai bangon fata,
ba na addu'a ba, ba na bashi ba.
Sunayen zango ne, da ajami,
daga sikelin gyaɗa na Damagaram
har bakin dogo a Kano.
Gefen kowane suna ya ɗiga alama:
nan akwai ruwa,
nan rairayi mai haɗiye taya,
nan Tsahara ke dama fura, kada ka wuce.

Shekara talatin Nomau yana jan kamiyo a kanta.
Ni ɗansa, alli na sani, da allon lakwal.

Da hantsi na ɗauki Sallau ɗan kabu-kabu,
duwatsun Birni suka rage tsawo a bayanmu.
Inda kwalta ta karkata dama
littafi ya ce a miƙe.
Sallau ya ce, Mushe, nan fa gonar mutane ce.
Muka miƙe.

Ashe hanya ba ta mutuwa duka.
Gero ya fi gajarta inda taya ta danne ƙasa,
layi biyu, kamar tsaga a kuncin tsohuwa,
sai mai nema ke ganinsu.
Ga bedi a jere, babu gida, babu mai shan inuwa.
Ga dutsen kilo ya kwanta rubda ciki,
wani ya wasa lauje a kansa har lamba ta gushe.

Rijiyar Kanta: bakin siminti ya tsage,
kurciya ta yi ƙwai a inda guga ke gogawa.
Gidan Arzika: tudu uku da fasassun tukwane,
da murhu wanda ya manta wuta.
Na kira sunan da ƙarfi, don littafi ya ji.
Buzuzu ne kawai ke tura kayansa kudu.

Sai Tashar Jira.
Ubana ya ce wata shekara aka yi raɗe-raɗi
wai jirgin ƙasa zai hauro daga Kano,
wasu masu awo suka kafa turken ƙarfe suka tafi.
Mutane suka taso da rumfuna,
mahauci, maƙeri, mai shayi, mai ɗinkin buhu,
suka kewaye turke suna sauraron kudu.
An haifi yara, an yi musu kaciya, an aurar.
Jirgi bai yi ko tari ba.
Turken na nan. Jaki na gani ɗaure a jikinsa.

Mai jakin ya nuna mana yamma da haɓa:
duk sun bi kwalta, can za ku same su.

Can muka same ta, bayan mai faci,
a kan tabarma, idanu sun yi fari.
Na ce, Iya, kin san wani Nomau direba?
Ta daɗe tana tauna shiru.
Ta ce, mai oda biyu, gajera da doguwa?
Tun daga fadama nake jin sa, in zuba nono.
Ya tafi da ludayina ran wata Laraba,
ya ce zai dawo da shi in ya juyo.
Kafin ya juyo, hanya ta tashi.

Na san ludayin.
Mai ɗinkin zare a wuya,
yana rataye a ɗakinsa har ya rasu,
ba ya bari kowa ya sha da shi.
Mun zaci na magani ne.

Sallau yana ta duban rana, mai ya kusa ƙarewa.
Na buɗe littafi a gwiwata,
ƙarƙashin sunanta na rubuta da boko,
hannuna bai kai nasa kyau ba:
ludayi ɗaya, a mayar ran Laraba.